Yadda Ake Lissafin Kuɗin Kashewa na Kullum a Kito, Babban Birnin Ekwador

Duk wanda ya ɗaura niyyar zuwa Kito, ko don halartar taro, ko neman ilimi, ko duba harkar koko da furanni da ƙasar ta yi suna a kansu, ko kuma don buɗe ido kawai, ya samu wani sauƙi da ba zai samu a Bogota ko Lima ba, domin kuɗin Ekwador dalar Amurka ce. Tun shekarar 2000, bayan rushewar bankuna da ta girgiza ƙasar a 1999, aka ajiye tsohon kuɗinsu mai suna sukre aka koma dala. Saboda haka matafiyi ba zai sha wahalar canji sau biyu ba, kuma farashin da ya gani a allon kanti ba ya bukatar wani dogon lissafi. Sai dai wannan sauƙin kan sa mutum ya saki jiki ya ce ai dala ce, na san ta, har ya wayi gari kwana uku kafin komawarsa ya tarar guzuri ya yi ƙasa. A ganina kuɗin mota da na abinci ba su ne ke karya baƙo a Kito ba, don suna da araha ƙwarai. Abin da ke karya shi shi ne cakuɗa manyan kuɗaɗen da ake biya sau ɗaya da na yau da kullum, da zaɓen masauki a inda bai dace ba, da rashin ƙananan kuɗi a aljihu. Farashin da zan ambata a nan na shekarar 2024 ne, don haka a riƙe shi a matsayin ma'auni, a kuma sake tambaya idan tafiya ta matso.

Mataki na farko: ware abin da ba na kullum ba

Kafin ka rubuta ko senti ɗaya a matsayin kuɗin rana, ɗauki takarda ka raba ta gida uku. Gida na farko na abubuwan da za ka biya sau ɗaya ne, na biyu na kashewar kowace rana, na uku kuma na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓa shi sai dole.

A gida na farko za ka sa tikitin jirgi, da kuɗin biza, da inshorar lafiya, da kuɗin zuwa da dawowa filin jirgi. Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza kafin ya shiga Ekwador. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Kito, dole sai an yada zango, kuma idan zangon ya faɗa a Madrid ko Amsterdam, ɗan Najeriya ko ɗan Gana yana bukatar bizar wucewa ta filin jirgi, sai fa idan yana riƙe da wata takarda da ta ɗauke masa. Wannan kuɗi ne da mutane kan manta da shi har sai sun riga sun sayi tikiti.

Filin jirgin saman Mariscal Sucre ba a cikin gari yake ba. Tun 2013 aka mayar da shi Tababela, gabas da birnin, tafiyar kusan sa'a guda a mota idan hanya ta cika. Tasi daga can zuwa tsakiyar gari kan ci dala 25 zuwa 30. Akwai bas ta jama'a da ke kai mutum tashar Río Coca ko ta Quitumbe a kan dala 2, amma wanda ya sauka da dare, ga jakunkuna ga gajiyar kwana biyu a hanya, shawarata ita ce ya biya tasi. Ka ware dala 60 na zuwa da dawowa a gida na farko, kada ka bar su su shiga lissafin rana, domin idan suka shiga za su sa ranar farko ta yi kama da ranar almubazzaranci, ka rasa gane ainihin abin da kake kashewa.

A nan ma za ka sa ƙananan sayayya na shiri. Wutar lantarkin Ekwador mai ƙarfin 120 ce, kuma soket ɗinsu irin na Amurka ne mai ƙafa biyu falle-falle, don haka cajar nan tamu mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta. Sayo ta daga gida. Haka rigar sanyi mai kauri da lema.

Mataki na biyu: irin takardun dalar da za ka riƙe

Wannan shi ne matakin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa, domin yana taɓa kowace sa'a ta zamansa a Kito. Idan mutum ya je wurin 'yan canji, a Wapa ta Kano ko a wani wuri, abin da aka saba miƙa masa shi ne sababbin takardun dala ɗari-ɗari, masu sauƙin ƙirgawa da ɓoyewa. A Kito kuwa takardar dala 100 da ta 50 kusan ba sa kashuwa a harkar yau da kullum. Ƙananan kantuna da gidajen abinci da direbobin tasi kan ƙi karɓarsu, saboda tsoron jabu da kuma rashin canji, har za ka ga an manna sanarwa a jikin kanta cewa ba a karɓa. Ko takardar dala 20 tana iya zama matsala. Ka ɗauka ka ci abincin rana na dala 3 a wani ɗan shago, ka zaro ashirin ka miƙa. Matar da ke kan kuɗi za ta dube ta, ta dube ka, ta ce «¿No tiene sueltos?», wato ba ka da ƙananan kuɗi? Sai ta aiki yaro maƙwabta neman canji, kai kuma kana tsaye kana jira, ko kuma ka ƙara sayen abin da ba ka bukata don dai a samu a rabu. Ta wannan hanyar ce dala ɗaya ko biyu ke zurarewa kullum ba tare da mutum ya lura ba.

Maganin abin shi ne ka nemi mai canji ya haɗa maka da takardun dala 5 da 10 da 20, ko da sai ka ba shi kwana biyu ya tara. Manyan takardun da suka rage ka biya kuɗin masauki da su, bayan ka tambaya ko suna karɓa, ko ka fasa su a banki, ko a manyan kantuna irin Supermaxi. A tabbata takardun ba su yage ba kuma ba a yi rubutu a kansu ba. A cikin gari za ka ga tsabar dala ɗaya mai launin zinariya tana yawo hannu da hannu fiye da takardar dala ɗaya, ga kuma tsabar senti 5, 10, 25 da 50 da Ekwador ke bugawa da kanta, waɗanda ke tafiya tare da na Amurka a daraja ɗaya. Kada ka raina su. Su ne kuɗin bas, da kuɗin shiga bayan gida na jama'a, da na burodi.

Game da katin banki, ka je bankinka tun kafin tafiya ka tambayi iyakar abin da katinka zai iya cirewa a ƙasar waje da kuma cajin da ake ɗorawa. Na'urorin cire kuɗi na bankuna irin su Pichincha da Guayaquil da Pacífico suna ko'ina, amma yawanci akwai caji a kan kowane cirewa, don haka cire da ɗan yawa sau ɗaya ya fi cirewa kaɗan-kaɗan sau biyar. A yi hakan da rana, a na'urar da ke cikin banki ko cikin babban rukunin kantuna.

Mataki na uku: masauki

Kito gari ne dogo siriri, shimfiɗe daga kudu zuwa arewa a gindin dutsen Pichincha. Wurin da ka sauka shi ne zai yanke maka yawan kuɗin motar da za ka biya. Tsohon gari, wanda suke kira Centro Histórico, shi ne UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1978, kuma yawancin abin da baƙo zai gani da ƙafa yana can, sai dai titunansa kan yi tsit da dare. Unguwar La Mariscal cike take da masaukai masu araha da hayaniyar dare. Unguwar La Floresta da kewayen lambun La Carolina sun fi natsuwa, sun kuma ɗan fi tsada.

Gado ɗaya a ɗakin haɗaka kan kama daga dala 8 zuwa 15, ɗaki na kanka mai banɗaki a ƙaramin masauki daga 20 zuwa 40, matsakaicin otel kuma daga 50 zuwa sama. Tambayoyi uku ne za ka yi kafin ka biya: ko farashin ya haɗa da haraji, ko ya haɗa da karin kumallo, da kuma ko akwai ruwan zafi dare da rana. Ta ukun ba ƙaramar magana ba ce ga mai alwalar asuba a garin da sanyin dare kan sauko kusa da digiri 10. Ɗakin da ya fi wani tsada da dala 5 amma yana kusa da tashar jirgin ƙasa, ko yana da kicin da baƙi ke amfani da shi, sau da yawa shi ne mai arahar.

Mataki na huɗu: abinci

Ginshiƙin cin abinci da araha a Kito kalma ɗaya ce, almuerzo, wato abincin rana da aka riga aka tsara. Daga misalin sha biyu zuwa ƙarfe uku, ƙananan gidajen abinci kan fito da allo bakin ƙofa a rubuta abin da aka dafa a ranar. Da dala 2.50 zuwa 4 za a kawo maka kwanon miya mai zafi, sannan faranti na shinkafa da kaza ko kifi ko nama, da wake ko soyayyar ayaba a gefe, da kofin ruwan 'ya'yan itace. Ma'aikatan ofis da 'yan makaranta abin da suke ci ke nan, kuma inda ka ga sun cika, nan ne abincin bai kwana ba. Ka mayar da wannan ya zama babban abincinka na yini, da dare ka ci mara nauyi. Wasu wuraren suna yin irinsa da yamma, suna kiransa merienda.

Musulmi yana da ƙarin aiki a nan, kuma aikin yana shafar aljihu. Naman alade, wanda suke kira chancho ko cerdo, yana cikin manyan abincin yankin tsaunuka: hornado da fritada duk alade ne, kuma ana soya wasu abubuwan da kitsensa, wato manteca de chancho, ana kuma jefa ƙashinsa ko fatarsa a cikin miya. Kafin ka zauna ka tambaya, «¿Tiene chancho?», kuma ka tambaya game da miyar daban. Wuraren da ke sayar da naman halal kaɗan ne, abincinsu kuma ya fi na almuerzo tsada, don haka wanda ba ya cin yankan da bai sani ba zai dogara ne da kifi da ƙwai da wake. Abin farin ciki, waɗannan suna da yawa. Akwai encebollado, miyar kifi da rogo da albasa, wadda ake sha da safe. Akwai soyayyen kifin corvina da aka san kasuwar Mercado Central da shi, da menestra, wato dafaffen wake da ake ci da shinkafa. A kula da canelazo, abin sha mai zafi da ake tallarsa da dare a titin La Ronda, domin bisa al'ada ana zuba masa barasa.

Sayen kayan marmari a kasuwa, kamar ta Iñaquito ko Santa Clara, yana rage kuɗin karin kumallo sosai. Ekwador ce kan gaba a duniya wajen fitar da ayaba, kuma da dala ɗaya za ka cika leda. Idan ka yi sayayya da fara'a, ka nemi yapa, wato gyara, kamar dai yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu a kan mudu. Ruwan sha kuma ka sayi babbar gora ka ajiye a ɗaki kana cika ƙarama, maimakon sayen ƙananan robobi sau uku a yini.

A manyan gidajen abinci lissafin ya bambanta. Harajin sayayya, wanda suke kira IVA, ya tashi daga kashi 12 zuwa kashi 15 cikin ɗari a watan Afrilun 2024, kuma irin waɗannan wurare kan ƙara kashi 10 na hidima. Abincin da aka rubuta dala 12, idan farashin bai haɗa da su ba, zai koma dala 15 a takardar biya. Duba ƙasan takardar jerin abinci, yawanci a can ake rubuta ko an haɗa.

Mataki na biyar: zirga-zirga

Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya fara ɗaukar fasinja sosai a watan Disamban 2023. Layi ɗaya ne mai tasha 15, daga Quitumbe a kudu zuwa El Labrador a arewa, kuɗinsa senti 45, kuma tashar San Francisco tana sauke mutum a tsakiyar tsohon gari. Bas-bas na gari, har da Trolebús da Ecovía masu bin hanyarsu ta musamman, senti 35 ne. Ko sau huɗu ka hau a yini ba za ka kashe dala 2 ba. A lokacin cunkoso ka juyo da jakarka gaba, waya kuma ta bar aljihun baya, domin asarar waya ɗaya ta fi kuɗin tasi na mako biyu.

Kito tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana kan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida duk shekara, lokutan salla ma ba sa motsawa sosai. Bayan magariba ka sa kuɗin tasi ɗaya a lissafin kowace rana, dala 3 zuwa 5 a cikin gari. Tasi mai rajista ruwan ɗorawa ce, kuma tana da mita, ka ce a kunna ta tun kafin a tashi. Ana amfani da Uber da inDrive ma, ko ka sa masauki su kira maka. Tudun El Panecillo, mai babban mutum-mutumi a kansa, ana gargaɗin baƙi kada su hau shi da ƙafa saboda 'yan fashi, don haka shi ma kuɗin tasi ne. Ranar Juma'a, mai zuwa masallacin cibiyar Musulunci ta Centro Islámico del Ecuador ya tambayi hanyar tun ranar Alhamis ya ware kuɗin motarsa.

Mataki na shida: tsawon garin da wuraren ziyara

Kito tana kan tsayin mita 2,850 daga teku. Jos, da muke ganin tana kan tudu, kusan mita 1,200 take, kuma ko Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, bai kai Kito ba. Baƙo kan ji haki idan ya hau matakala, da ciwon kai, da rashin barci a kwana ɗaya ko biyun farko. Kada ka sayi tikitin wata doguwar fita a waɗannan ranaku, don kana iya kasa zuwa kuɗin ya tafi a banza. Ka zaga wuraren da ba a biya, irin su dandalin Plaza Grande, da harabar majami'ar San Francisco, da lambunan El Ejido da Itchimbía, ka sha ruwa da yawa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sikila ya ga likita tun kafin ya sayi tikitin jirgi.

Daga rana ta uku sai a shiga wuraren biya. TelefériQo, keken igiya da ke hawa gefen Pichincha zuwa kusan mita 4,000, yana cin kusan dala 9 ga baƙo, kuma da safe ya kamata a je, kafin gajimare ya rufe gari. Mitad del Mundo, inda aka gina hasumiyar tsakiyar duniya arewa da birnin, dala 5 ne shiga, kuma ana zuwa da bas daga tashar La Ofelia da kuɗi ƙalilan, alhali masu shirya yawo kan caji ninkin-ba-ninkin. Majami'ar La Compañía mai ado da zinariya, da hasumiyoyin majami'ar Basílica, da gidajen tarihi, kowanne 'yan daloli ne. Wuri ɗaya na biya a rana ya isa, wato kimanin dala 6. Kasuwar Otavalo, mai saƙe-saƙen ulu, wadda ta fi cika ranar Asabar, tafiyar kusan sa'a biyu ce daga tashar Carcelén, kuɗin bas kuma kusan dala 3. Kuɗin tsarabar da za ka sayo a can ka sa shi a gida na farko, ka yanke masa iyaka tun daga masauki.

Mataki na bakwai: haɗa jimla

Mai matsakaicin hali zai ga ranarsa kamar haka: ɗaki dala 30, karin kumallo 3, almuerzo 3.50, abincin dare 7, ruwa da kayan marmari 2, jirgin ƙasa sau biyu da bas sau biyu 1.60, tasin dare 4, kuɗin shiga wuri 6, sai kuma dala 1 ta data a layin waya na can ƙasar irin Claro, wanda ake saya da fasfo. Jimla ta kama dala 58 da 'yan senti. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na abubuwan da ba a hango ba, kamar wanki da magani da shayi, ta zama kusan dala 64. Mai tsimi, wanda ya kwana a ɗakin haɗaka na dala 12, ya karya da burodi da ayaba, ya ci almuerzo da merienda, ya koma masauki kafin duhu, zai iya rufe rana da kusan dala 30.

Idan zaman na kwana goma ne, mai matsakaicin hali yana bukatar dala 640 na kullum, da 60 na filin jirgi, da kamar 40 na fita wajen gari, sannan aƙalla 150 na ko-ta-kwana, wato dala 890 ban da tikiti da biza da tsaraba. Kuɗin ko-ta-kwanan a ajiye shi daban da sauran, tare da kwafin fasfo, domin zanga-zanga ko zaftarewar ƙasa a lokacin damina na iya rufe hanya su tilasta maka ƙarin kwana.

Kowace safiya ka ƙirga kuɗin wannan ranar kaɗai ka sa a aljihu, sauran su zauna a ma'ajiyar masauki. Da dare, bayan isha'i, ka rubuta abin da ya fita. Idan kwana uku a jere kana wuce iyaka, duba layin tasi da na abincin dare, don galibi a nan ɓarakar take, kuma gyaranta shi ne dawowa da wuri da mayar da babban ci zuwa rana. A kwana biyun ƙarshe ka fara kashe tsabar da ta taru, musamman sentin da Ekwador ta buga, domin ba a karɓarsu a wata ƙasa, kuma mai canji a gida ba zai saye su ba. Dala 30 ta tasin komawa Tababela ka naɗe ta cikin fasfo tun ranar da ka iso, a takardun goma-goma guda uku.